Me yasa mutanen tsofaffin finafinai suke tafiya da sauri haka?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni mai shagon cajin waya ne a wani ƙauye kusa da Ringim, wani yaro ya turo min tsohon fim na Turawa baƙi da fari, babu magana ko ɗaya, mutanen ciki sai sauri suke kamar an biyo su da bulala, har wani dattijo a bencin shagona yace wai aljanu ne. Dan Allah wayata ce ta lalace ko haka fim ɗin yake?

AMSA: Wa'alaikassalam ɗan'uwa, wayarka lafiya ƙalau, ka gaishe min da Baba, kace ba aljanu bane. Kaga fim ai hotuna ne ake jerawa da gudu har ido ya ɗauka motsi ne. A zamanin finafinan da ba magana, da hannu ake juya kyamara, galibi hoto 16 zuwa 18 take ɗauka a daƙiƙa ɗaya, to da sauti ya shigo wajen 1927 sai aka tsaya a kan hoto 24 a daƙiƙa, in ka kunna na da a gudun na yanzu dole kowa ya koma kamar mai tseren kama motar kasuwar Maigatari. Indiya ma haka suka fara a 1913, sai 1931 suka samu mai magana da waƙa.

Ni kam nafi son irin waɗannan a ƙauye, tunda ba Turanci balle a nemi mai fassara, fuska da jiki ke ba da labarin. Ka ƙara kunnawa da daddare ka lura da idon ɗan wasan.