Tambaya da Amsa: Fayilolin Wucin Gadi da Suka Ƙi Tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, kuma ni ke kula da shafin intanet na wata makarantar sakandare a Tudun Wada, wanda na rubuta da harshen Python. Duk lokacin da aka nemi takardar sakamakon jarrabawa, manhajar tana haɗa fayil na PDF a foldar /tmp, wato ma'ajiyar fayilolin wucin gadi, ta sa masa lambar ɗalibin a matsayin suna, sannan ta aika. A makon da aka fitar da sakamako sai saba, wato kwamfutar da shafin yake a kanta, ta tsaya cak, tana cewa babu sauran wuri, alhali fiye da rabin faifanta babu komai. Wani uba kuma ya kira ya ce takardar ɗansa ta ƙi buɗuwa. Ina kuskurena yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kuskuren biyu ne, kuma tushensu ɗaya: ka ɗauki /tmp tamkar ɗakinka, alhali zaure ce wadda kowace manhaja da ke cikin na'urar take shiga ta ajiye kaya, kuma babu wanda aka ɗora wa shararta a kan lokacin da kai kake buƙata.

Mu fara da cikar wuri. Ka rubuta umarnin df -h /tmp, ka dubi layin da zai fito. A wasu nau'o'in Linux, kamar Fedora tun da daɗewa da kuma Debian 13 da ta fito a 2025, foldar /tmp ba a kan faifai take ba, a cikin ƙwaƙwalwar na'ura (RAM) take, bisa tsarin da ake kira tmpfs, wanda in ba a sauya masa iyaka ba yakan tsaya a rabin ƙwaƙwalwar. Ke nan idan ƙaramar saba ka yi haya mai gigabait 1, abin da /tmp za ta iya ɗauka bai wuce megabait 512 ba, kuma takardun ɗalibai masu ɗauke da hoto da tambarin makaranta za su cinye wannan cikin 'yan kwanaki, faifan kuwa yana nan wayam. Wannan na fi zargi. Idan ba shi ba ne, ka gwada df -i, domin kowane fayil, komai ƙanƙantarsa, yana cin gurbi ɗaya a rajistar faifai, kuma guraben suna iya ƙarewa kafin wurin ya ƙare.

Za ka iya cewa ai na'urar tana share /tmp da kanta. Tana yi, amma a nata lokacin. A inda systemd, wato tsarin da ke tafiyar da ayyukan na'urar Linux, ke wannan aiki, ƙa'idarsa ta asali ita ce ya kwashe abin da ya kwana 10 ba a taɓa shi ba a /tmp, da abin da ya kwana 30 a /var/tmp, wadda aka keɓe wa fayilolin da ake so su tsira ko an kashe na'ura an kunna. Kwana 10 ya yi wa makon fitar da sakamako yawa. Manhajar da ta ƙirƙiri fayil ita ce ya kamata ta goge shi da zarar ta gama da shi.

Batun suna ya fi tayar mini da hankali. Ka yi tunanin mahaifin yaro yana kasuwar Sabon Gari, mahaifiyarsa tana gida, kowannensu ya danna neman takardar a daƙiƙa guda. Buƙata ta farko ta gama rubuta fayil tana cikin aika shi, sai ta biyu ta buɗe wannan sunan ta soma rubutu daga farko, abin da zai isa wayar mahaifin kuwa guntu ne wanda ba zai buɗu ba. Cikar wuri ma tana iya yanke fayil a tsakiya, don haka ba zan rantse a kan wanne ya samu wancan uban ba, amma duka ƙofofin biyu a buɗe ka bar su. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Sunan da za a iya cankarsa tarko ne, domin duk wanda yake da shiga na'urar zai iya riga ka ajiye mahaɗi mai wannan suna wanda ke nuni ga wani fayil muhimmi, manhajarka ta zo ta rubuta a kansa da hannunta. Sabbin Linux suna toshe yawancin wannan dabara, amma ba a gina tsaro a kan sa rai. Sannan fayil ɗin da aka buɗe ta hanyar da aka saba yakan fito da izinin da kowa zai iya karanta shi, kai kuwa makin 'ya'yan mutane ne a ciki.

Maganin yana cikin Python ɗin da ke hannunka, a sashen tempfile. Ka yi amfani da TemporaryDirectory a ƙarƙashin kalmar with, ta yadda kowace buƙata za ta samu foldarta mai sunan da ba a iya canka, wadda mai ita kaɗai ke iya shiga, kuma da aikin ya ƙare, ko lafiya ko da kuskure, za a goge ta da duk abin da ke ciki. Abin lura shi ne kada a fita daga with kafin a gama aika takardar, in ba haka ba za ka aika abin da babu shi. Akwai mkstemp, wadda ke ƙirƙirar fayil da izinin 600, wato mai shi kaɗai ke iya karantawa da rubutawa, a mataki guda, sai dai ita ba ta gogewa, aikinka ne. Amma mktemp, mai kama da ita a suna, ka guje ta, domin suna kawai take bayarwa ba tare da ta buɗe fayil ba, kuma tun Python 2.3 aka yi gargaɗin a daina amfani da ita. A gaskiya ma, takarda mai shafi ɗaya ko biyu ba ta buƙatar taɓa faifai, ana iya haɗa ta a cikin ƙwaƙwalwa da io.BytesIO a aika kai tsaye, kuma da ni ne haka zan yi.

Saura abu ɗaya da mu mazauna Zariya muka fi kowa sani. Idan sabar a ofishin makarantar take kuma aka ɗauke wuta, ko aka kashe manhajar da ƙarfi da umarnin kill -9, babu wani layin gogewa da zai samu damar aiki. Saboda haka ka keɓe wa manhajarka folda tata, ka nuna mata ita ta hanyar TMPDIR, wato saitin da ke nuna inda za a ajiye fayilolin wucin gadi, sannan ka sa cron, mai gudanar da ayyuka a kan lokacin da aka tsara, ya riƙa share duk abin da ya wuce kwana ɗaya a ciki.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciya ce a wani shagon buga takardu a Kongo, ina koyon harshen PHP. Idan aka ɗora hoto a shafina ina ganin sunansa na wucin gadi, amma in na je /tmp ba na samun komai.

Amsa: Malama, PHP ba ta yi miki laifi ba, haka aka tsara ta. Tana ajiye abin da aka ɗora ne na tsawon wannan buƙata kaɗai, da zarar an mayar wa mai ziyara amsa sai ta goge shi. Ki kira move_uploaded_file kafin aikin ya ƙare, ki mayar da hoton foldar dindindin da sabon suna wanda ke kika zaɓa, kada ki yarda da sunan da mai ɗorawa ya turo. Ko a lokacin da fayil ɗin yake raye ma kina iya rasa shi a inda kike dubawa, domin a na'urori da yawa systemd yana ba Apache, manhajar da ke miƙa shafin ga masu ziyara, tata /tmp ta daban, wadda za ki gani a cikin wata folda da sunanta ya fara da systemd-private, kuma sai da izinin mai kula da na'ura ake buɗe ta.