Tabarau mai kyamara a shago: ina ne doka take kama mutum?

Tambaya: Ina da shago a Computer Village, Ikeja. Ina so in saro tabarau masu kyamara da ƙirƙirarriyar basira, sababbi da na hannu, yarana su riƙa sawa suna ɗaukar bidiyon kasuwa muna talla a TikTok. Akwai matsala?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Sayarwar ba ita ce abin ji ba, ɗaukar mutanen ne.

Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, wadda hukumar kare bayanai ta ƙasa (NDPC) ke aiwatarwa, ta ɗaga ƙafa ga wanda ya ɗauki hoto don amfanin kansa ko iyalinsa, muddin bai keta sirrin wani ba. Kai kuwa talla za ka yi, fuskar mutum da muryarsa kuma bayanansa ne. Tarar ƙaramin ɗan kasuwa tana iya kaiwa naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ya shigo masa a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Kuɗin shiga fa aka ce, ba riba ba.

Saboda haka bidiyon ya tsaya cikin shago, a kan kaya da yaranka. Kwastoman da zai fito a nemi izininsa a rubuce, ko da ta WhatsApp ne, a adana. Kada yaro ya leƙa wayar mai tura kuɗi da tabarau a fuska: lambar sirri da lambar asusu duk za su shiga bidiyon.

Sai 'yar fitilar nan. Tabarau samfurin Ray-Ban Meta yana da farar fitila a gaban firam da ke kunnuwa idan ana ɗauka, don na gabanka ya sani. Za a zo maka da "Oga, a toshe min ita." Kada ka yarda, ko nawa aka sa maka, don mai neman haka ɗaukar ɓoye yake nufi.

Marasa suna masu araha kuwa, sayi ƙwaya ɗaya tak kafin katan. Duba ko fitilar na aiki, ka ɗora manhajarsa a wata waya daban ka ga abin da take nema. Idan ta nace sai lambobin wayarka da saƙonninka, bar kayan.

Na hannu sukan zo da hotunan tsohon mai shi. A cire tabarau daga asusunsa, a goge komai ya koma kamar sabo, tun kafin ka biya dila.