Gani ya kori ji, ko ido gululu ne?

Wani ɗalibin kimiyya daga Zariya ya turo tambaya, ya ce suna musu da abokinsa wanda ya kafe cewa duk abin da ba a iya gani ko a auna shi da na'ura to babu shi, har da ruhi, kuma wai Bahaushe ma ya yarda da haka tunda ya ce gani ya kori ji. Malam, haka karin maganar take nufi?

A'a ɗana, abokinka ya ɗora mata kayan da ba nata ba. Jin da ke cikinta jin labari ne, an ce ka ce. Idan aka ce maka kasuwa ta ƙone sai ka je ka tarar da ita lafiya lau, to ganinka ya kori abin da ka ji. Magana ce ta tantance labari, kuma a nan kam ta yi daidai da aikinku na gwaje-gwaje, amma ba ta ce abin da ido bai kai gare shi ba babu shi ba. Kuma Bahaushen da ya faɗe ta shi ne dai ya ce hankali ke gani, ido gululu ne. Yaran yanzu da yawa ba su san gululu ba, ɗan dunƙulen yumɓu ne da mata masu kaɗi ke sa wa a jikin mazari don ya yi nauyi ya juya da kyau. Wato ido ƙwallo ne kawai, sai da mai hankali a bayansa ake samun gani, shi ya sa mutum biyu za su kalli gona ɗaya, manomi ya ce wannan geron wuta-wuta ta kama shi, baƙo ya ce kai shuka ta yi kyau.

Musun nan fa ba a Zariya aka fara shi ba. Francis Crick, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano sigar ƙwayar halittar gado, ya rubuta a 1994 cewa murnarka da baƙin cikinka da tunaninka duk motsin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne kawai. A 1995 David Chalmers, masanin falsafa ɗan Ostareliya, ya ce to ko an gama bayanin yadda ƙwaƙwalwa ke aiki akwai sauran tambaya, me ya sa mutum yake jin abin a ransa, me ya sa zafi yake da zafi ga mai shi. Tun kafin su, marubucin nan Goethe na Jamus ya fitar da littafinsa kan launuka a 1810 yana jayayya da Newton, masanin kimiyyar nan na Ingila, yana cewa ba za a fahimci launi ba in an cire mai kallo daga lissafi. A lissafin haske dai masana sun bi Newton, kuma suna da gaskiya, amma abin da Goethe ya lura da shi yana nan, ka ƙura wa jan kyalle ido na ɗan lokaci sannan ka kalli farin bango, za ka ga wani kore-kore da babu shi a bangon. Ni ra'ayina awo gaskiya ne, mu riƙe shi da kyau, sai dai cewa babu komai bayan awo ba sakamakon gwaji ba ne, aƙida ce, don babu na'urar da ta taɓa auna wannan maganar.

Wata 'yar uwa daga Maraɗi kuma ta ce rai da ruhi da kurwa duk abu ɗaya ne?

Suna shiga juna amma kowanne da wurinsa. Rai ya fi faɗi, shi ne kasancewa a raye, shi ya sa muke cewa ranka ya daɗe, ko rai ya yi halinsa in an yi rasuwa, kuma shi ne dai mazaunin so da ƙi, raina ya ɓaci, raina yana so, ya sa abin a ransa har ya rame. Ki lura da wannan ta ƙarshen, damuwa ta shiga rai sai jiki ya zube, Hausa ba ta raba su biyu ba, kuma likitan nan na Amurka George Engel abin da ya yi kira a kai ke nan a 1977, a riƙa duba jikin majinyaci tare da tunaninsa da zaman da yake yi da mutane. Ruhi daga Larabci muka aro shi tare da addini, kuma Alƙur'ani a suratul Isra'i aya ta 85 ya ce al'amarinsa na Ubangiji ne, ilimin da aka ba mu kaɗan ne. Kurwa kuwa an fi jin ta a zancen maita, ita ake cewa maye yana kamawa, har yara na cewa kurwata kur.

Nan ne nake so mu yi hattara wallahi, don na ga masu fakewa da cewa kimiyya ba ta san komai ba suna sayar wa mutane ruwan gora a matsayin maganin ciwon suga, ko a nuna wata tsohuwa a ce ta kama kurwar yaro alhali zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai. Yarda da ruhi bai ba kowa wannan lasisin ba. A kai yaron asibiti a gwada jininsa, a yi masa addu'a, uwarsa ta zauna kusa da shi, tsohuwar nan kuma a ƙyale ta ta zauna lafiya a ɗakinta.