Tambaya da Amsa: Rabin Fom Ɗinmu Sun Dawo da Gyara, Laifin Wa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoma a yankin Funtuwa. Bana mun buga fom na masu neman bashin taki, shafi biyu, Turanci a sama, fassarar Hausa a ƙasa. Da aka dawo da su, fiye da rabi sai da aka yi gyara: wani ya sa lambar waya a gurbin NIN, wani ya bar girman gona babu komai, wani sunansa ya saɓa da na katinsa. Shugabanmu ya ce rashin ilimi ne, a ɗauki yara biyu su riƙa cike wa mutane. Ni kuma ina son baɗi mu mayar da shi na waya. Mece ce shawararka?
Sakatare, daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. A gai da shugaba, amma a wannan karon ba na bayansa. In mutum ɗaya ya yi tuntuɓe a ƙofar gida, sai a ce bai duba ba. In rabin masu shigowa suna tuntuɓe a wuri guda, dokin ƙofar ake dubawa.

Ni ma na taɓa shan wannan kunya. Na tsara wa wata Islamiyya ta unguwarmu fom ɗin ɗaukar ɗalibai, har ina yaba wa kaina. Kafin a kai madaba'a na miƙa wa gwaggona, wadda ta yi yaƙi da jahilci kuma rubutunta ya fi nawa kyau. Layin farko, "Sunan mai kawo ɗalibi", ta rubuta nata. Layi na biyu, "Sunan mahaifi". Ta tsaya, ta ɗora biro a leɓe, sannan ta rubuta sunan nata mahaifin, kakana ke nan. Na ce, "Gwaggo, ai uban yaron ake nufi." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "To a ina ka rubuta haka?" Na bi takardar sama da ƙasa, babu. A kaina kawai yake rubuce.

Abin da na yi da gwaggo shi masu tsara manhaja ke kira gwajin sauƙin amfani, kuma ba ya bukatar kwamfuta. Ka nemo mutum biyar cikin ainihin masu cike fom ɗin, ban da 'yan kwamiti, ban da ɗanka da ke jami'a. A samu dattijo, a samu mace, a samu mai karatun boko da ƙyar. Ɗaya bayan ɗaya za ka zauna da su. Ka ce wa mutum, "Baba, takardar nan muke jarrabawa, ba kai ba. Duk abin da ya zo maka a rai, ka faɗa a fili." Daga nan ka kama bakinka, wanda shi ne mafi wuya. Zai tambaye ka, "Nan me zan sa?" Bakinka zai yi ƙaiƙayi. Ka daure ka ce, "Kai me kake ganin ake nema?" Ka rubuta inda ya daɗe, inda ya soke, inda ya tsallake. Kada ka tambaye shi ko fom ɗin ya yi kyau, domin kara ba za ta bar shi ya kushe aikinka a gabanka ba. "Madalla" zai ce, alhali ya cike rabinsa ba daidai ba.

Me ya sa biyar? Wani masani ɗan Denmak, Jakob Nielsen, shi ya yaɗa wannan a shekarar 2000, bisa binciken da suka yi da Thomas Landauer a 1993. A lissafinsu, mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin. Daga nan sai ka ga masu zuwa suna faɗawa ramin da ka riga ka gani. Gara ka gyara, ka sake gwadawa da wasu biyar ɗin.

Maganar rashin ilimi kuwa, ka ba shugaba wannan labari. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 2000, a gundumar Palm Beach ta jihar Fulorida, an jera sunayen 'yan takara a shafi biyu masu fuskantar juna, ramukan da ake hudawa suna tsakiya. An yi hakan ne don rubutu ya yi girma tsofaffi su gani. Al Gore shi ne na biyu a shafin hagu, amma raminsa na uku ne. Na biyun na Pat Buchanan ne, wanda ya tashi da ƙuri'a sama da 3,400 a gundumar da ba ta magoya bayansa ba, domin masu son Gore da yawa sun huda ramin Buchanan bisa kuskure. George Bush ya ci jihar da ratar ƙuri'a 537. Waɗancan masu zaɓe sun iya karatu.

Mu dawo kan naku. Lambar waya a Najeriya alƙaluma 11 ce, NIN 11, BVN ma 11. In ka jera layi uku masu akwatuna iri ɗaya, kai ka haƙa ramin. Ka raba su nesa da juna, ka buga sifili a akwatin farko na lambar waya, a saman NIN kuma ka rubuta "lambar da ke jikin takardar katin ɗan ƙasa". Lambar asusun banki 10 ce, to akwatunanta su zama 10 cif.

Suna ya fi wahala. Tsarin "sunan farko, na tsakiya, na dangi" ba namu ba ne. Bahaushe sunansa da na mahaifinsa yake haɗawa, wani ya ƙara na kaka, wani na gari, kamar Shehu Shagari da Aminu Kano. Layi guda mai tsawo ya isa: "Rubuta sunanka daidai yadda yake a katin ɗan ƙasa."

Girman gona fa, me za ku yi da shi? Buhun taki nawa za ku bayar kuke son sani. Manomin da bai taɓa auna gonarsa da kadada ba ya san buhu nawa ya zuba bara. Shi za ku tambaya. Haka za ka bi kowane layi, ka tambayi kanka wa zai karanta amsar. Ina zargin akwai layukan da kuka kwafo daga fom ɗin banki ba don kuna bukatarsu ba. Ku soke, wataƙila shafi biyun su koma ɗaya.

Yaran da shugaba ke so ba laifi ba ne, don akwai wanda ajami kawai ya sani. Sai dai su ma a gwada su: yaro ya karanta tambaya a fili, ka saurari abin da manomi ya fahimta.

Na waya kuma kada ka yi gaggawa, tambayar da ta rikita mutum a takarda za ta rikita shi a waya. In lokacin ya zo, ka koyi da shafin gwamnatin Birtaniya, inda ƙa'idarsu ita ce a fara da abu ɗaya a kowane shafi, ranar haihuwa kuma a rubuta ta a gurbi uku: rana, wata, shekara. Ka gaya wa mai haɗa maka cewa dole fom ɗin ya karɓi Sa'adatu da Mu'azu da Ɗanladi yadda ake rubuta su, kuma in an yi kuskure a layi ɗaya kada ya goge sauran. A gwada a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, a ƙauyen da sabis ke ɗaukewa.

Yanzu dai kada ku kai komai madaba'a. Ka buga kwafi biyar a shagon kwamfuta, ka tafi da su ranar kasuwa, ka aiko mini da abin da ka gani.