Sabunta manhajar motar lantarki na gyara allon gaba kuwa?

Malam, ka tambaya daga Gombe ko sabunta manhaja zai sa allon taɓawa na motarka ya daina nauyi da daskarewa. Yana taimakawa, amma da iyaka.

Sabuntawa kan gyara kurakuran manhaja, ta ƙara saurin taswira. Wani lokacin kuma ta sauya wa maɓallai wuri har direba ya riƙa lalube yana tuƙi, kuma wannan haɗari ne. Don haka karanta bayanin sauyin kafin ka amince.

Idan kayan cikin na'urar allon ne suka gaji, manhaja ba ta da magani. A 2021 Tesla, mai ƙera motocin lantarki, ta nemi a dawo da tsofaffin motocinta Model S da Model X don gyara saboda ma'ajiyar bayanai ta eMMC mai 8GB tana lalacewa, allon ya mutu; ma'ajiyar aka sauya. Zafin Maris da Afrilu ma yana cin allo, don Allah ka riƙa faka ta a inuwa.

Wajen sabuntawa, haɗa da Wi-Fi mai ƙarfi, motar na tsaye, babban batir na da isasshen caji. Duba ƙaramin batir ɗin 12V, domin in ya yi rauni aikin kan katse a tsakiya. In don kasuwar ƙasar Sin aka ƙera motar, sabuntawar ba lallai ta iso Najeriya ba. Tambayi dillalin da ya shigo da ita.