Sauya Sunayen Maɓallai Ba Tare da Lalata Tsohon Saiti Ba

Tambaya: Na haɗa wata ƙaramar manhajar rubutu da masu buga takardu a nan Kano suke amfani da ita don sauƙin fitar da ƙ, ɗ da ɓ. Ina so in gyara sunayen wasu maɓallai, misali Ret ya koma Enter. Yaya zan yi kada saitin da mutane suka riga suka rubuta ya daina aiki? Daga wani mai karatu a Kabuga.

Amsa: Malam, sauya suna ba laifi ba ne, kashe tsohon shi ne yake jawo ɓarna. Ka mayar da tsohon sunan laƙabi, wato ka ajiye jadawali guda wanda manhajar za ta duba a lokacin da take karanta fayil ɗin saiti, ta yadda ko Ret ta gani ko Enter, lamba ɗaya za ta miƙa wa sauran sassanta. Wajen nuna suna a allo kuwa, sabon kaɗai za ta riƙa fitarwa, da haka jama'a za su saba da shi a hankali.

Manya ma haka suka yi. A manhajar rubutu ta Vim, wadda Bram Moolenaar ya fitar a 1991, CR da Return da Enter duk maɓalli ɗaya suke nufi. A X11, wani tsari mai kula da allo da maɓallan kwamfuta, Prior da Page_Up, sunayen maɓallin komawa shafin sama, lambarsu ɗaya, kuma manhajar rubutu ta Emacs har gobe da prior take kiran wannan maɓallin.

Inda na fi ja maka kunne shi ne kada ka ɗauki tsohon suna ka ba wani maɓallin daban. Sunan da aka cire yakan jawo saƙon kuskure, mutum ya gane ya gyara, amma wanda aka sauya wa ma'ana shiru yake ɓarna. Ka ƙaddara mai buga takarda a bakin Jami'ar Bayero, ɗalibi na tsaye a kansa yana jiran kundinsa, ya danna maɓallin da ya saba fitar masa da ƙ, sai layi guda ya ɓace.

Idan manhajar ta ci karo da tsohon suna a fayil ɗin saiti, gargaɗi sau ɗaya ya wadatar, ya faɗi lambar layin da sabon sunan. Kada manhajar ta taɓa fayil ɗin mutum sai da izininsa. Idan cire laƙabin ya zama dole, a bari sai babbar siga ta gaba bayan sanarwa, ko da yake ni da barinsa zan yi, tunda layi ɗaya kacal yake ci a jadawalin.