Me Ya Sa Laujena Da Addata Ke Saurin Dakushewa Bayan Washin Inji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman shinkafa a fadamar Auyo, jihar Jigawa. Lokacin yanka nakan kai laujena da addata wurin mai injin washi ranar kasuwa. Suna dawowa da kaifi sosai, amma kafin azahar sun dakushe. Ƙarfen ne ba shi da kyau, ko washin ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka ɗora wa ƙarfen laifi, ɗauko addar ka duba bakinta a cikin rana. In ka ga inda ya rine ya yi shuɗi, to inji ya ƙona shi. Maƙeri yakan gasa ƙarfe har ya yi jawur, ya tsoma shi a ruwa ko mai don ya yi tauri, sannan ya ɗan sake ɗumama shi don kada ya riƙa ɓallewa. Dutsen inji kuwa da gudu yake juyawa, nan da nan yake zafafa siririn bakin nan. Shuɗin yana fitowa ne a wajen digiri 300 na ma'aunin Selsiyos, kuma a nan taurin da maƙeri ya sha wahalar sakawa ya riga ya ragu. Kaifi zai fito, amma ba zai zauna ba. Maganinsa sai a cinye wurin da ya ƙone har a tarar da lafiyayyen ƙarfe, ko a mayar wa maƙeri.

Ka kuma sani karan shinkafa yana ɗauke da sinadarin silika, irin wanda ke cikin yashi, shi ya sa yake cin baki fiye da ciyawa. Ko lauje mai kyau yana son a riƙa taɓa shi ana cikin aiki.

Shawarata ka mallaki magagari da dutsen washi naka. Magagarin ka sa masa ƙota, domin tsininsa na huda tafin hannu. Danne addar a kan kututture yadda ba za ta motsa ba. Magagari a turawa kawai yake ci, saboda haka ka tura, ka ɗaga, ka dawo, ka sake turawa. Masu goga shi gaba da baya haƙoransa suke kashewa. Kada ka canza kwanciyar bakin da maƙeri ya yi. Shafa baƙin tawadar alƙalamin maka a kan bakin, ka yi turi biyu ka duba: in baƙin ya goge ko'ina, hannunka ya zauna daidai, in can ƙarshen baki kaɗai ya goge, to magagarin ya ɗagu da yawa ke nan. Adda na son kimanin digiri 25 a kowane gefe, gatari ya fi haka kauri, fartanya kuma gefe ɗaya ake wasa mata.

Ga inda akasarin mutane ke tsayawa, alhali aiki bai ƙare ba. In ka wasa gefe ɗaya sosai, wani ɗan siririn leɓen ƙarfe zai lanƙwasa zuwa ɗaya gefen. Ja babban yatsanka a hankali daga bayan addar ya sauka ta bakin, ba tare da bin tsawonsa ba, za ka ji yana kama fata. Wannan leɓen shi ke ruɗin mutane: yana yanka da farko, sai ya karye ya bar baki a dakushe. Juya addar ka wasa ɗaya gefen, sannan ka jiƙa dutse da ruwa ka bi gefe biyun da sassauƙan hannu har leɓen ya faɗi. Daga nan ka ja bakin a kan tsohuwar fata kamar yadda wanzami ke yi wa askarsa.

In laujenka mai haƙora ne, kada ka bi ta kan haƙoran. Gefen da yake sumul za ka wasa, haƙoran su sake fitowa da kansu.

Da an tashi daga gona a goge laujen da addar, a bar su su bushe, a shafa ɗan mai saboda tsatsa. Magagarin kuma a kakkaɓe shi da burushin waya, a naɗe shi a tsumma shi kaɗai, kada ya riƙa gogar sauran ƙarafa a cikin buhu.